Kurakuran da muke ta yi a Hermite da filin Fock

Ranar Asabar muna zaune a Aboabo, Kumasi, da wasu ƙannena masu karatun lissafi, koko ma ya huce a kofi, ɗaya ya cika takarda biyu da intigiral na polinomiyal ɗin Hermite H₂ sau H₀ yana jiran sifili ya fito amma sai 2√(2π) yake ta samu. Na ce ƙanena nuna mini ma'aunin da ka sa, wato fankishin da ake ninkawa da shi a cikin intigiral ɗin. Ashe ya ɗauko H₂ = 4x² − 2 na 'yan fiziks ya haɗa da e^(−x²/2) na 'yan ƙididdiga. Hermite kala biyu ne fa: mai 4x² − 2 da e^(−x²) yake tafiya, mai x² − 1 shi ne na e^(−x²/2). Da ya gyara, 2√π ban da 2√π, sifili nan take. Ka rubuta ma'aunin a saman takarda tun kafin ka fara, kar ka dogara da ƙwaƙwalwa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na filin Fock, wato tarin fankishin f na z marasa matsala ko'ina a fili waɗanda intigiral ɗin |f|² sau e^(−|z|²) nasu yake tsayawa. Bargmann a 1961 ya nuna cewa in ka kai fankishin Hermite na n can, zai koma zⁿ/√(n!), kuma √(n!) ɗin nan ne kowa yake yarwa saboda ya saba da filin Hardy inda tsawon zⁿ kullum 1 ne. A Fock tsawon zⁿ sau kansa n! ne, a Bergman na faifai kuma 1/(n+1), zⁿ ɗaya ne amma ma'auni ya sa kowane fili da nasa farashin, kamar doya a kasuwar Kejetia da doya a ƙauye. In ka manta, koma r da θ, intigiral ɗin zai zama Γ(n+1), layi uku ne kacal, kuma kar ka bar 1/π na gaba.

Sai masu cewa ai duk fankishin da ba shi da matsala ko'ina a fili yana cikin Fock. A'a wallahi. Gwada e^(z²) a kan layin x, girmansa ya fi ƙarfin e^(−|z|²), intigiral ɗin ba ya tsayawa. e^(az²) yana shiga ne kawai in |a| bai kai ½ ba.

Ƙaramin kuskure na ƙarshe shi ne layin da ke kan w (alamar conjugate) a e^(z w̄), kernel ɗin filin Fock. Wani ya bar shi, muka ɓata kusan awa muna neman inda lissafin ya karkace har aka kira azahar.