Yadda Iyali Za Su Kare Lambun Sayar da Dashe daga Ambaliya da Tsadar Kaya a Legas

Duk wanda ya taso a Arewa ya saba da cewa ƙishirwa ce ke kashe shuka, amma a Legas yawan ruwa ne babban abokin gaba, kuma iyalin da suka ɗauki renon dashe da furanni a matsayin sana'a sai sun sauya wannan tunani kafin su ga riba. Ruwan Legas yana kankama ne daga watan Afrilu, ya tsananta a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Wanda ya ga yadda ruwan ranar 3 ga Yuli, 2024 ya shafe tituna ya san cewa yini guda ya isa ya cinye wahalar wata shida.

Abu na farko shi ne a san ta inda ruwa yake shigowa. A Lekki da Ajah ƙasa ce mai kwari, ruwan sama ba ya samun wurin tafiya. A Mile 12 da Owode da Isheri kuwa, ambaliya tana iya zuwa ko da sama tana wasai, domin idan aka saki ruwa daga madatsar Oyan, kogin Ogun yakan cika ya tumbatsa, galibi wajen ƙarshen damina. Saboda haka ya kamata wani daga cikin 'ya'yan gidan ya riƙa bibiyar hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitarwa a farkon shekara, da kuma sanarwar gwamnatin jiha. A duba bango a ga inda ruwan bara ya bar alama, domin wannan layin shi ne ma'aunin duk abin da za a gina.

Daga nan sai a ɗaga kaya daga ƙasa. A jera bulo, a shimfiɗa katako ko gora a kai, yadda gindin ledar da ake renon dashe a ciki zai wuce alamar ruwan da aƙalla taku guda. Ba lallai ne a ɗaga komai lokaci ɗaya ba, tunda katako ya yi tsada. A fara da masu daraja, kamar mangwaro da lemo masu aure (waɗanda aka haɗa reshen wani iri a kan gindin wani) da ƙananan furanni, a bar manyan itatuwan da ke jure jiƙa zuwa gaba. A yashe lambatu tun cikin Maris, ko da na maƙwabta ne ya toshe, domin ruwa bai san iyakar fili ba.

Ƙasar da ake zubawa cikin leda ita ce wurin da aka fi yin kuskure, kuma a ganina ta fi kashe dashe fiye da ambaliyar kanta. Baƙar ƙasa zalla tana riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya yanƙwane, sai mai lambu ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara ban ruwa. A haɗa kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na yashi mai tsakuwa da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, a kuma huda gindin kowace leda da gefenta. Kashin shanu yana samuwa a kasuwar Kara da mayankar Oko-Oba da ke Agege, inda 'yan uwa suke da yawa, sai dai kada a yi amfani da shi ɗanye. A tara shi, a riƙa juyawa na wasu makonni har zafinsa ya fita. Ɗanyen kashin kaji ya fi shi ƙona saiwa.

Idan ruwa ya riga ya shiga, kada a yi gaggawar zuba taki don a farfaɗo da shuka. A kai ledojin inuwa su tsane, a wanke laka daga ganye, a zare waɗanda suka fi galabaita a datse saiwar da ta yi baƙi tana wari, a sake musu ƙasa. Wadda ba ta da sauran farar saiwa a jefar da ita nesa da sauran.

Iskar farkon damina takan yaye rumfa, don haka raga ta fi kwano ko tamfol, domin iska tana ratsa ta. Daga Disamba zuwa Maris kuma matsalar takan juye ta koma ƙarancin ruwa da zafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta don jawo ruwan burtsatse ya zama nauyi, shi ya sa tara ruwan sama a tanki tun da damina ya fi kowane jari sauƙi. A unguwannin da ke kusa da teku ma ruwan rijiya yakan zo da gishiri, wanda ke ƙona bakin ganye. A yi ban ruwa da sassafe, a gindi, da gwangwani.

Ta fuskar ciniki, mutanen da abinci ya yi wa tsada ba sa saurin sayen furen ado, amma suna sayen abin da za su ci. A ƙara yawan zogale da gwanda da ɗaɗɗoya da barkono da lemun tsami, a kuma daina sayo dashe daga wasu matuƙar ana iya yanko reshe a dasa a gida. Hoton kaya a WhatsApp yana kawo mai saye ba tare da an biya kuɗin mota ba.

Sai batun kuɗi, wanda ya fi ruwa raba kan iyali. Maigida ya ware aljihun lambu daga na cefane, a sami littafi guda da Uwargida ko babban ɗa zai riƙa rubuta shiga da fita, a kuma yanka wa kowane mai aiki haƙƙinsa ko da ɗan gida ne. Daga cinikin rani a riƙa ajiye wani kaso, ko a zuba shi a adashin da za a kwasa a watan Maris, lokacin da ake bukatar bulo da raga da yashi kafin ruwan farko ya sauka.