Darasi na 9: Ƙaramin Rumbu na Kwalliyar Kaka

Gero yakan riga shiga gida tun wajen watan Satumba. Dawa kuwa sai sanyi ya fara shigowa, wajen Nuwamba zuwa Disamba. Idan an gama girbi ne samari da 'yan mata a ƙauyuka da yawa na ƙasar Hausa suke bikin kalankuwa, a yi kiɗa da dambe da kokawa. A lokacin kara ya yi yawa a gona da bayan gida. A wannan darasi za mu koyi yadda ake haɗa ƙaramin rumbu tare da yara, a ajiye a ɗaki ko a zaure don ado.

A nemo gwangwanin madara wanda aka wanke, da busasshen karan dawa, da zare mai ƙwari ko kaba, da ɗan busasshen ciyawa, da ƙananan duwatsu 4, da tsohon faifai. Sai zangarniya biyu ko uku. Ba sai an taɓa damin abinci ba, wadda ta zube a gona bayan an ɗaure dami ta isa.

Yankan kara aikin babba ne. Ɓawon kara yana da kaifi, yana tsaga yatsa tun yaro bai ankara ba, don haka wuƙa da reza su tsaya a hannunku. Bakin gwangwanin ma a dandaƙe shi da dutse. Ku yanka kara gunduwa 7, kowace ta ɗan ɗara gwangwanin tsayi. Ku tsaga kowace gida biyu. Kafin ku ƙirga, ku tambayi yaro, “Audu, bakwai sau biyu nawa ke nan?” Ku bar shi ya jera su a ƙasa ya gano 14 da kansa. Idan karan siriri ne, za a ƙara gunduwa ɗaya ko biyu.

Yanzu sai yara. Su jera tsagin karan a jikin gwangwani, gefen totuwa yana ciki, ɓawo yana waje. Nan ne wahalar take, domin da an sa na biyar sai na farko ya zame. Dabarar ita ce a fara ɗaura zare sako-sako a jikin gwangwanin, sannan a riƙa soka karan ta ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya. Idan ya zagaye, a ja zaren a ɗaure tamau, a ƙara wani ɗaurin daga ƙasa. Kada ku karɓe aikin don kun ga ya karkace. Yaran da suke ƙera mota da tabarau da kara sun fi yawancinmu sanin hannunsa.

Jinka ba ta da wuya. A tattara ciyawa cikin hannu, a ɗaure kanta, a baza ƙasanta, a kifa a kan gwangwanin, a daidaita bakinta da almakashi.

A ɗora rumbun a kan duwatsun nan 4 a tsakiyar faifai. Yara za su tambayi dalili, ku gaya musu rumbun gaske ma a kan duwatsu ake gina shi saboda danshi da gara. A kewaye shi da zangarniyar gero da ta dawa. In an samu kaura da farafara aka haɗa, launin ya fi fitowa. A kakkaɓe geron a waje tukuna, saboda ƙaiƙayinsa yana damun fata. Da dare a ɗaga faifan sama, in ba haka ba ɓera zai gama da shi, da safe kuma kaji.

Aikin gida: ku yanka takarda ƙanana guda 4. Ku rubuta gero, dawa, wake, gyaɗa, kowanne a takardarsa. Ku zuba ɗan kowane iri a gefen faifan, yaro ya ɗora takardar da ta dace a kansa. Ku zo da rumbun aji ranar darasi na gaba.