Darasi na 7: Zaɓen Bakin Hannun Riga da Maɓalli

Idan mutum ya sayi shadda a kasuwar Wunti ya kai wa tela, yawanci maganar wuya da aiki ce take cinye lokaci. Bakin hannu kuwa sai a ce wa tela, "Yi yadda ka gani." Ɗan'uwa, kada ka bar masa wannan zaɓi, domin ba shi zai sa rigar ba. Kai ne za ka naɗe hannun nan duk lokacin da za ka yi alwala.

Bakin hannu iri uku ne aka fi ɗinkawa a kaftani da 'yar ciki. Akwai sake, wanda ba shi da maɓalli ko ɗaya. Shi ya fi shan iska a zafin watan Maris da Afrilu, kuma dattawa sun fi son sa a ƙarƙashin babbar riga. Akwai mai maɓalli, irin na rigar shat, inda gefe ɗaya yake hawa kan ɗaya. Na uku shi ne hannun linkis, wanda angwaye da ma'aikatan ofis suke so. Linkis ɗan maɓallin ado ne na daban da ake sawa a cire.

Hannun linkis ba a ɗinka masa maɓalli. Huda ake yi a gefe biyu, a haɗa bakin, a zura linkis a kulle. Wani ana yin sa falle ɗaya. Wani kuma tela yakan yanka shi da tsawo a ninko shi baya, sai hudar ta zama 4 a kowane hannu, kuma shi ake dangantawa da Faransa. Ana manna masa gam a ciki don ya tsaya da tauri. Yana da kwarjini ranar ɗaurin aure ko Sallah, babu shakka. Amma ka tuna, wankin hannu a alwala har gwiwar hannu ne. Dole ka cire linkis biyu, ka sa a aljihu, ka naɗe, ka gama, sannan ka mayar da su da hannu ɗaya, ga liman ya kusa tayar da salla. A wajen nan ne linkis yake faɗuwa, kuma idan ɗaya ya ɓata, ɗayan ya tashi aiki. Saboda haka a ganina rigar zuwa aiki kullum a yi mata maɓalli, a bar linkis ga kayan biki. Mai son duka biyu ya ce wa tela ya sa maɓalli, ya kuma ƙara huda kusa da shi. Ko wanne ka zaɓa, a yi tsagar hannun da tsawo yadda za ta naɗu ta wuce gwiwar hannu ba tare da ɗinki ya farke ba.

Yanzu ga inda karatunmu zai yi amfani. Tef ɗin tela inci 60 ne. Zagaya shi a wuyan hannunka, daidai kan ƙashin nan da ya ɗan fito, ka karanta lambar da kanka. Idan ka ga 7, ƙara inci 1, ya zama 8 daga maɓalli zuwa huda. Hannun da kake ɗaura agogo a ƙara masa rabin inci. Tsawon hannun riga kuma ya tsaya a gindin babban yatsa. Mai sa kwat ya bar kamar rabin inci na bakin hannun ya leƙo.

Sai maɓalli. Na roba ya fi araha, amma dutsen guga mai gawayi yana narkar da shi. Na ƙarfe mara kyau yana tsatsa da damina, ya bar wa farar shadda jan tabo da wuyar fita. Wanda aka lulluɓe da ƙyallen rigar yana sajewa da ita sarai. Mai huda 4 ya fi mai huda 2 riƙe zare. Idan shaddarka za ta je wajen masu bugu, ka sani tabarya ba ta barin maɓalli, don haka ka roƙi tela ya ba ka biyu na ajiya, ko a yi irin wanda ake cirewa. Launi ya bi launin yadi ko na zaren aiki. Linkis na zinariya kuwa a bar shi, tunda Musulunci ya hana maza ado da ita. A gaban rigar maza maɓalli yana dama, huda tana hagu. Duba wannan tun a shago.

Aikin gida: auna wuyan hannunka na dama da na hagu, ka rubuta lambobin a littafinka, ka ƙara inci 1 a kowanne. Sannan ka rubuta wa tela jimla biyu, ka faɗi irin bakin hannun da kake so da dalilinka. Ka zo da takardar aji mai zuwa mu karanta tare.