Yadda mace za ta kare kanta daga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki

Cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kashe mata a duniya. Kusan ɗaya cikin mata uku da ke rasuwa su ne sanadinta. A ƙasashenmu kuwa yawanci tushen guda ne: hawan jini. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka wallafa a 2018, ya nuna hawan jini na da hannu a kusan tara cikin goma na shanyewar ɓarin jiki. Don haka, uwargida, aikin farko shi ne ki san awon jininki kamar yadda kika san lambar wayarki.

Auna jini yadda ya kamata

Hawan jini ba ya sallama. Mace na iya yawo da 170 bisa 100 shekara da shekaru, kanta bai taɓa sarawa ba. Ki auna aƙalla sau ɗaya a shekara, idan kuma akwai ciwon a danginku ko kin haura 40, ki yawaita.

Minti 30 kafin awo kada ki sha shayi ko kofi, kada ki ci goro. Ki yi fitsari, ki zauna a kujera minti biyar bayanki a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba. Ki ɗora hannu a kan tebur daidai tsayin ƙirji, a ɗaura maɗaurin na'urar a dantse kan fata, ba kan hannun riga ko hijabi ba, kuma kada ki yi magana. A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaura ƙaramin maɗauri a dantse mai kauri, sai lambar ta haura ta gaskiya. Mace mai jiki ta nemi babba. Na'urar dantse ta fi ta wuyan hannu inganci.

A asibiti, 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban hawan jini ne. A gida iyakar 135 bisa 85 ce: ki auna safe da yamma kwana bakwai, ki rubuta, ki kai wa likita. Idan kika ga 180 bisa 120 tare da ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani ko ciwon ƙirji, ki tafi asibiti a take. Ki kuma gwada sukari kafin karyawa, 7.0 ko sama a ma'aunin mmol/L, wato 126 a ma'aunin mg/dL, alamar ciwon sukari ce. Zagayen ciki a saitin cibiya ya haura santimita 88, haɗari ya ƙaru.

Ciki da jego

Nan ne mace ta bambanta da namiji, nan kuma aka fi sakaci. Jini ya kai 140 bisa 90 bayan mako 20 na ciki, musamman idan an ga furotin a fitsari, to hanyar jijjiga ce. Alamunta ciwon kai da ba ya jin magani, ganin walƙiya, zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da kumburin fuska da hannuwa. A 160 bisa 110 ba a kwana a gida. Wadda ta taɓa yin wannan ta fara awon ciki da wuri, domin likita kan ba da ƙaramin asfirin, miligiram 75 zuwa 150 kullum, tun daga mako 12.

Idan kina shan maganin hawan jini lisinopril ko losartan kuma kina neman ciki, ki faɗa wa likita tun kafin ya shiga, don suna cutar da ɗan tayi. Za a mayar da ke kan methyldopa, nifedipine ko labetalol.

Haihuwa ba ta rufe maganar ba. Jini kan ƙara hawa tsakanin kwana uku zuwa shida bayan sauka, daidai lokacin da gida ya cika da 'yan barka, babu mai tunanin awo. A auna kafin suna, a sake aunawa wajen arba'in. Wadda jininta ya taɓa hawa da ciki tana da ƙarin haɗarin ciwon zuciya har tsufanta, awon shekara-shekara ya zama mata wajibi.

Akwai kuma raunin zuciya na jego, wanda arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitocin Zariya tun a shekarun 1970 suka danganta shi da kunun kanwa, wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken baya-bayan nan daga Kano ya fi nuna rama, ƙarancin sinadarin seleniyam da hawan jinin ciki. Ko ma dai yaya, kanwa cike take da sinadarin gishiri, yana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji kuwa ba ta ɗaukar ƙarin kaya. Mai jego da jininta ya hau ta bar kanwa, ta sha kunun gyaɗa ko na tsamiya, ta yi wanka da ruwa mai ɗumi. Idan ta fara haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matasai biyu ko uku, tana tari da dare, ƙafafu sun kumbura, kada kaka ko uwar miji su ce gajiyar haihuwa ce. A kai ta a yi hoton zuciya.

Ƙwayar tsarin iyali mai haɗin sinadari biyu ba ta dace da mai hawan jini ba, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ko mai shan taba da ta haura 35. Wanda ake sakawa a dantse ko a mahaifa ya fi mata.

Tukunya da kantin magani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram biyar, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ga kanwa a miyar kuka da ɗanwake, ga yajin tsire. Ki rage kaɗan-kaɗan, daddawa, albasa, tafarnuwa da citta su cike gurbin. Cikin 'yan makonni harshen mutanen gida zai saba. A yawaita zogale, alayyafo, wake da gero, a rage soye-soye da lemon kwalba. Tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako, ko a tsakar gida ce, ta wadatar. Girkin itace a yi shi a sarari saboda hayaƙi.

Diclofenac da ibuprofen da ake saye don ciwon jiki suna ɗaga jini. Haka ƙwayoyin ƙiba irin dexamethasone, da man bilicin mai irin wannan sinadarin. Maganin hawan jini kuma ba a barinsa don awo ya yi kyau. Shi ne ya saukar da lambar. Idan amlodipine ya kumbura miki ƙafa ko lisinopril ya sa ki busasshen tari, a canza miki wani. A watan azumi likita ya tsara shan sa da sahur ko buɗa-baki.

Idan abin ya faru

Bugun zuciya a mace yakan zo da nauyi a ƙirji, amma sau da yawa da haki, tashin zuciya, zufa mai sanyi, ciwon muƙamuƙi, baya ko saman ciki. Shi ya sa ake cewa olsa ce, a sha magani a kwanta. Idan ya wuce 'yan mintoci, musamman ga wadda al'adarta ta ɗauke ko mai ciwon sukari, ta tauna asfirin miligiram 300 in jikinta na karɓarsa kuma ba ta zubar jini, a kai ta asibiti, a nemi gwajin ECG, wato awon bugawar zuciya da na'ura.

Shanyewar ɓarin jiki kuwa ana gane ta da abu uku. Ki ce ta yi murmushi, ko baki ya karkace. Ta ɗaga hannuwa biyu, ko ɗaya na zamewa. Ta faɗi sunanta, ko harshe ya yi nauyi. Ɗaya ma ta isa, ko da ta warware cikin minti goma. Mutane kan ce shafar aljanu ce, a kwana ana hayaƙi; a yi addu'ar a cikin mota. A lura da ƙarfe nawa aka ga ta lafiya na ƙarshe, domin maganin narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi ake ba da shi. Kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, maƙogwaro ya raunana, sai ya zarce huhu. Kada a ba ta asfirin a nan: a binciken SIREN kusan kashi ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce a ƙwaƙwalwa, asfirin kuwa ƙara zubar jinin zai yi. A kwantar da ita ta gefe, a ɗauki magungunan da take sha, a nufi asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ko da ya fi nisa kaɗan.