Yadda Ake Kifa Akwatin Gilashi a Saman Tafkin Lambu Domin Kallon Kifi

Mai kiwon kifin ado a tafkin lambu bayan kifinsa kawai yake gani, domin daga sama yake kallonsu. Idan aka kifa akwatin gilashi a kan ruwan, aka zuƙe iskar da ke cikinsa har ruwa ya hau ya cika shi, kifin za su riƙa hawowa ana ganinsu ta kowane gefe. Matsin iskar da ke danne fuskar tafkin ne ke riƙe ruwan, kamar yadda ruwa ke bin kofin da aka nutsar a baho aka ɗago gindinsa, muddin bakinsa bai fita daga ruwan ba. Wannan matsi yana iya ɗaga ruwa kusan mita 10, saboda haka rabin mita ba komai ba ne a wurinsa.

A samu gilashi mai kaurin milimita 10, a haɗa shi da silikon, wato gam ɗin manne gilashi, irin na akwatin kifi, domin na banɗaki yana ɗauke da maganin funfuna wanda ke cutar da kifi. A bar shi ya bushe na mako guda, sannan a goge kaifin bakinsa.

Inda aikin yake shi ne mazaunin akwatin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka akwati mai faɗin santimita 40 ta kowane gefe, wanda ya ɗago santimita 50 a saman ruwa, yana ɗora wa mazauninsa kilo 80, ban da nauyin gilashin kansa. A jera bulo gida biyu a gindin tafkin, a sa roba mai kauri a ƙarƙashinsu don kada su huda ledar da aka shimfiɗa a cikin tafkin, a gitta sanduna biyu na ƙarfe mara tsatsa, a bar tsakiya a buɗe domin shigar kifi. Sabon bulo yana sakin sinadarin siminti a ruwa, don haka a jiƙa shi a wani wuri tukuna. Wajibi ne mazaunin ya daidaita sarai, kuma bakin akwatin ya nutse aƙalla santimita 10. A ganina ƙarin nutsewa ya fi raguwarsa, saboda tafki yana ƙafewa a lokacin zafi, kuma da zarar iska ta sami hanya ta ƙarƙashi, ruwan duka zai rikito lokaci guda tare da kifin da ke ciki. Cika akwatin ma yana rage ruwa: lita 80 daga tafki mai murabba'in mita 4 tana saukar da shi santimita 2.

Daga nan sai a ɗaura siririn tiyo a jikin lanƙwasasshiyar waya, a tura shi ta ƙasa har ya taɓa rufin akwatin, a zuƙe iskar da famfon hannu ko injin shara mai jure ruwa. Idan ya cika, a toshe bakin tiyon da yatsa kafin a zaro shi.

Kifi sukan yi ɗari-ɗari da farko. A saki abinci mai yawo a kan ruwa ta ƙarƙashin bakin akwatin. Zai taso har rufi, su kuwa su bi shi.

Bayan 'yan kwanaki iska takan taru a saman, sai a sake zuƙe ta. Rana tana ɗumama ruwan da ke tsaye kuma tana haifar da gansakuka, shi ya sa ya kamata a sa ƙaramin famfo mai tura ruwa sama, a riƙa goge gilashin da magogi mai mayen ƙarfe. A duba kowace rana ko kwaɗo ya shiga, domin yakan nemi iska a rufin ya rasa. A inda ruwa ke daskarewa, a sauke akwatin kafin hunturu, ta hanyar mayar da tiyon a bar iska ta shiga a hankali har ruwan ya sauka.