In Sikanin Ya Nuna Ƙari a Ƙoda: Shawarata ga Mata da Maza

Na daɗe ina aiki a ɗakin sikanin, kuma yawancin ƙarin ƙodar da na gani ba don shi aka zo ba. Mace ta zo awon ciki, dattijo ya zo don fitsari na ba shi wahala, sai ga ɗan dunƙule a ƙoda. Kafin in goge man da na shafa musu a ciki, an fara salati, an yanke cewa daji ne.

A tsaya tukuna. Fara tambayar girmansa. A cikin ƙananan da ba su wuce santimita 4 ba, kusan ɗaya cikin biyar ba daji ba ne, kuma mata, musamman masu ƙananan shekaru, sun fi maza dacewa da wannan.

Hajiya, ke tambayarki ta gaba ita ce: akwai kitse a ciki? Akwai wani ƙari da likitoci ke kira anjiyomayolifoma, haɗin kitse ne da tsoka da jijiyoyin jini, kuma wajen mata huɗu ke samunsa kafin namiji ɗaya. A allona fari tas yake fitowa. Amma kada ki tsaya a kan maganata, ki nemi hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, shi ke tabbatar da kitsen. In ƙarami ne, yawanci sa ido kawai ake yi, a riƙa maimaita hoto. Matsalarsa jini: jijiyoyinsa ba su da ƙwari, in ya girma yana iya fashewa, kuma juna biyu na iya sa shi ƙaruwa. Don haka in kina da niyyar ƙara haihuwa, ki faɗa wa likita tun kafin cikin ya shiga. Na ga wadda kunya ta hana ta faɗa, sai da ciki ya kai wata shida aka shiga neman mafita. Ana iya toshe jijiyar da ke ciyar da shi ta siririn bututu, ko a yanke shi kaɗai a bar ƙodar. In kuma a ƙoda biyun aka gani, ko suna da yawa, a binciki wata cutar gado mai zuwa da farfaɗiya da ƙuraje a fuska.

Alhaji, naka lissafin daban. Dajin ƙoda ya fi kama maza, kusan ninki biyu. Ƙari marar daji da ya fi zuwar muku, wanda likitoci ke kira onkosaitoma, a hoto kamanninsa ɗaya da daji, har CT ɗin ma ba ya raba su da tabbas. Saboda haka kada wani ya lallashe ka da "ai ba komai". Je wurin likitan mafitsara, ka tambaye shi ko za a tsakuro ɗan nama da allura a gwada, in kuma tiyata ce, ko za a iya cire ƙarin a bar sauran ƙodar.

Ku duka, a adana takardun sikanin da kwanan watansu a jaka ɗaya, domin da su ake gane ko yana girma. A bar jiƙe-jiƙen "narkar da ƙari", ƙodar suke ƙara wa aiki. Ciwon kwiɓi mai tsanani farat ɗaya, da jiri ko fitsarin jini, ba ya jiran gari ya waye. A nufi asibiti a daren.