Yadda za ka lissafa ƙanƙarar da Girinlan ke rasawa da kwamfutarka

In kana so ka san ƙanƙarar da Girinlan (babban tsibirin can arewacin duniya) ko Antaktika (nahiyar can ƙarshen kudancin duniya) ke rasawa, shawarata ka fara da bayanan GRACE, domin nauyi yake aunawa, kuma nauyin muke nema. Bayanan kyauta ne.

Amma ka fahimci aikinsa tukuna. Taurarin ɗan'adam ne guda biyu da NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, da takwararta ta Jamus suka harba a 2002, ɗaya na bin ɗaya da tazarar kilomita kusan 220. Idan na gaba ya doshi wuri mai nauyi, ƙasa ta fi jan sa, sai ya ɗan ƙara gudu, tazarar ta buɗe. Na baya ma in ya iso, sai ya cim masa kaɗan. Na'urar da ke tsakaninsu tana gane canjin da bai kai kaurin silin gashi ba, kuma daga nan ake fitar da taswirar nauyi wata-wata. Har yau wannan dabara tana burge ni.

Yi rajista a Earthdata, shafin bayanai na NASA, ka sauke fayil ɗin nauyin ƙanƙarar Girinlan. Za ka ga shekara, da canjin nauyi a gigatan, wato tan biliyan ɗaya, da kuma iyakar kuskuren awo. Zuba su a Excel ka zana.

Zanen zai riƙa hawa yana sauka kamar haƙoran zarto, saboda dusar ƙanƙara na taruwa da hunturu, tana narkewa daga Yuni zuwa Agusta. Nan mutane ke ruɗewa. Kada ka gwada Afrilu da Satumba ka ce ka gano wani abu. Satumba da Satumba ake gwadawa, ko kuma ka ja layi ɗaya miƙaƙƙe ya ratsa duk shekarun. Za ka ga giɓi daga tsakiyar 2017 zuwa tsakiyar 2018, lokacin da GRACE ya daina aiki, kafin magajinsa GRACE-FO ya karɓa. Bar shi a giɓi, kada ka cike da ƙiyasi.

Gangarar layin za ta ba ka wajen gigatan 270 a shekara. Ka duba 2019 da kyau, a shekarar nan kaɗai an rasa fiye da 500. Gigatan 360 na ɗaga teku da milimita ɗaya, sai ka raba: Girinlan na ƙara wa teku kimanin kashi uku cikin huɗu na milimita duk shekara.

In ka koma Antaktika, sai ka ƙara kula. Dutsen da ke ƙarƙashin ƙanƙarar yana tasowa a hankali tun bayan da nauyin tsohuwar ƙanƙara ya ragu a kansa, kuma GRACE ba ya bambance nauyin dutse da na ƙanƙara. An cire wannan a fayil ɗin NASA, amma da ƙiyasi aka cire, don haka kada ka yi watsi da lambobin kuskuren.

Daga baya ka gwada sakamakonka da na ICESat-2, wani tauraron ɗan'adam da aka harba a 2018, mai auna tsayi da hasken leza. Sai dai tsayi daban, nauyi daban. Dusar da ta dankare tana raguwa a tsayi alhali ba ta rasa ko tan ɗaya ba, kamar garin da aka danna a mudu. Masanan IMBIE, wata haɗakar masu binciken ƙanƙarar Girinlan da Antaktika daga ƙasashe daban-daban, sukan haɗa awon nauyi da na tsayi da na gudun ƙanƙarar da ke malala teku kafin su fitar da adadi, to da nasu za ka gwada naka.